Layin da Na Ja

Shekara ashirin da shida ina ofishin safiyo a Gombe,
ina ja wa gonaki iyaka, ina kashe gardama da tawada.
Ban taɓa jan layin da ya hana ni barci ba
sai na daren wata Laraba.

Bayan isha'i suka zo, su uku, turarensu ya riga su shigowa.
Suka shimfiɗa taswirar mazaɓu a kan teburina,
suka danne kusurwoyinta da makullan mota.
Ƙaraminsu ya zaro sakamakon zaɓen da ya wuce,
yana bi rumfa-rumfa kamar mai kiran sunayen masu bashi:
"Nan namu ne. Nan ba namu ba ne.
Malam Gidado, ai ka san aikinka."

Na san aikina.
Iyaka kogi takan bi, ko dutse, ko tsohon burtali.
Wannan kuwa ƙuri'a ta bi tana sansana.
Ta taso daga gindin tsauni, ta miƙe kamar abin kirki,
sai ta karya kwana, ta kauce wa unguwar maƙera
don sun yi wa maigidan ihu bara ran kasuwa.
Ta rungumi maƙabarta, tun da matattu ba sa musu.
Ta sirance kamar wuyan zalɓe, mil bakwai cur,
don ta kai baki wata rugar da aka yi wa alkawarin rijiya.

Da ta iso Kwanan Ɓaure, garinmu, sai hannuna ya tsaya.
Babbansu ya yi murmushi, ya gyara hula.
"Mutanen nan bakinsu ɗaya.
Damin kara ba ya karyuwa a gwiwa sai an kwance shi.
Raba shi uku."

Na fere fensir.
Na daɗe ina ferewa.

Masallacinmu ya tafi gabas, cocin su Barnabas ya yi yamma,
firamaren da suka haɗu suka yi wa rufi
ta gangara kudu ita kaɗai, da allonta.
Layin ya shiga ta zauren Inna Dudu ba sallama,
ya bar ɗakinta a hannun wani wakili,
rumbunta a hannun wani.
Ita ce ta goye ni shekarar da uwata ta rasu.

An yi zaɓe, ba wanda ya saci akwati,
ba wanda aka tsare a hanya.
Me za a sata? An gama rabon tun naman yana kiwo.

Da damina ta kai tsakiya, ruwa ya ci gadarmu.
Jauro Sambo ya ɗauki takarda ya zaga ofis uku.
Na farko ya ce ƙafar gadar ta yamma ba tasa ba ce.
Na biyu ya ce ta gabas ba tasa ba ce.
Na uku ya tambaye shi ina ne Kwanan Ɓaure.
Tumatir ya ruɓe a kwando a bakin rafi,
Saratu ta haihu a kan amalanke.

Na je gida da ƙaramar salla.
Na tarar da Inna a tsakar gida, ta sunkuya da sandarta,
tana tona ƙasa tsakanin turmi da randa.
"An ce an tsaga gidan nan, Gidado.
Wata huɗu ina neman tsagar ban gani ba.
Tururuwa na wucewa, kaji na wucewa.
Kai da ka yi boko, nuna mini."

Na san wurin. Ƙafata ta hagu na kansa.

Ta dube ni, ta dubi aljihun rigata
inda kan fensirin ya leƙo.
Ba ta ƙara tambaya ba.
Ta miƙo mini ƙwarya ta ce,
"To, tsallaka ƙasar waje ka ɗebo mini dawa."